Katifa a Kan Katanga

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maman yara da yaran duka. Yaya ƙafar Inna? Maganin da na bari a riƙa shafa mata safe da yamma, kada a bar ta ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado wai tattali take. Ni lafiyata lau, sai gajiyar hanya. Direban motar kasuwa na ba wannan takarda, tunda ka hana in kira ka a wayar da ubangidanka ya ba ka, ko da yake har yau ban ga dalili ba.

Yaya, ina da ƙorafi. Zuwana gida nawa ke nan tun da na kama aikin nan, ban sa ka a ido ba. Da na tambaya sai a ce ka fita da mota. Wace irin mota ce wannan da ba ta tashi sai ranar da ƙanwarka ta zo?

Tunda ba ka zauna ka ji ba, bari in gaya maka aikin a takarda. Ofishinmu sabo ne. Gwamnati ta raba wa matan karkara awaki, kowace ta kiwata ta samu abin riƙe kai, mu kuma aikinmu mu bi sawu mu gani ko sun isa hannun masu su. Da can masu rabon su ne masu duba kansu, yanzu an raba gari. Dokarmu ɗaya ce, ba a gaya wa kowa ranar da za mu je. Shugabarmu mace ce mai zafi, ko direbanmu ba ya sanin hanya sai mun fita bakin gari.

A yankinmu komai ya yi kyau, har ya yi kyau da yawa. Duk gidan da muka shiga ga awaki a turke, da alamar roba a kunne, ga igiya sabuwa fil. Amma akwai wata jar akuya mai karyayyen ƙaho da na gani a gidan wata tsohuwa a zuwanmu na farko. Wannan karon na gan ta a wani ƙauyen daban, a gidan wata mai jego. Na ce wa matar ta kira ta in gani, sai ta tsaya tana kallon ƙasa. Akuyar ma ko waiwayo ba ta yi ba. Kuma a tsakar gidan babu kashin awaki ko na rantsuwa.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Kai da kake yawo ƙauyukan nan kullum, me ka sani?

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na samu takardarki. Muna nan lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, maganin kuma kin yi duba, a ƙarƙashin gadon na tsamo shi. Ƙaramin ɗana ya fara tafiya, yana bin kaji yana faɗuwa. Ni dai bayan nan ne ke ɗan taɓa ni in na daɗe a kujera, amma ba wani abu ba ne.

Ashe dai boko ya kai ki har ga sanin fuskar akuya. To sannu. Mu da ba mu yi nisa a karatu ba, jar akuya jar akuya ce, kuma kowane gari akwai mai karyayyen ƙaho, don awaki ba su da aiki sai karo. Ki bar maganar nan, ki yi aikin da aka sa ki, ki karɓi albashinki.

Maganar ba ki gan ni ba, ni ɗan aike ne. In ubangidana Mai Taimako ya ce tashi, tashi nake. Kin san shi, kin san abin da yake a yankin nan. Babu famfo, babu aji, babu gadon asibiti da ba da bakinsa aka samu ba.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Ki rage zuwa gida. In aiki ya kawo ku yankin nan, ki kwana masaukin gwamnati tare da abokan aikinki, kamar yadda kowa yake yi. Ba sai kin aiko wa Inna cewa kina tafe ba. Ki ji maganata, ni na girme ki.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ku, ina kuma fatan bayan ya yi sauƙi. Ka gaishe da Inna, in har yanzu ina da izinin gaishe ta.

Na karanta takardarka har ta kusa yagewa, don ban yarda kai ka rubuta ba. In rage zuwa gida? Gidan ubana? Wallahi na yi kuka, kuma ba kukan tausayi ba, na haushi. Wato yanzu ni ce abin kunyarka a gaban ubangidanka, ƙanwar direba da ta zo tana leƙa turakun mutane. To ka sani, ni ban iya shigowa garinmu in kwana a masauki kamar baƙuwa ba, uwata tana can bayan layi uku. Kuma ban iya faɗo wa Inna kwatsam ba. Kai ma ka san halinta, in ta ga baƙo ba shiri sai ta kwana tana jin kunya.

Na so in yi shiru in ƙyale ka, shi ya sa ka ji ni tsit duk wannan lokaci. Abin da ya sa na rubuto, ofis ya ɗauki zafi. An lura cewa duk sauran yankuna muna tarar da ɓarna, turke babu akuya, mata suna kuka, amma yankinmu kullum tsaf. Shugabarmu ta ce ba tsarki ba ne, wani ne ke tsegunta ranar zuwanmu. An karɓi wayoyinmu an duba. An canza direba. Jiya ta tara mu a ɗakin taro, ta rufe ƙofa, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kaina ta daɗe. Ni kaɗai ce 'yar yankin, kowa ya sani.

Yanzu in na shiga ofis sai hira ta mutu. Wadda muke teburi ɗaya da ita ta fara kulle aljihun teburinta in za ta fita sallah. In aka ɗora mini wannan, ba korar kawai ba ce, har gaban 'yan sanda za a kai ni. Ni kuwa Allah ya sani ban taɓa gaya wa kowa komai ba, in ba Inna ba, ita ma cewa kawai nake ina tafe.

In ka san wani abu, don girman Allah ka faɗa mini.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Inna tana gaishe ki, ba ta san mun yi faɗa ba, kuma ba za ta sani ba.

Ke dai har gobe ba ki canza ba, da an taɓa ki sai ki tashi kamar madara a wuta. Ni ne zan ji kunyarki? Ni da na goya ki zuwa makaranta ranar da ruwa ya cika hanya? Ba korar ki na yi ba, rufa miki asiri na so in yi. Amma tunda abin ya kai nan, ki zauna ki karanta, in kin gama ki ƙona.

Babu wanda ke tsegunta ranarku. Katifarki ce.

Kin san duk ranar da saƙonki ya iso cewa kina tafe, Inna sai ta sa a fito da katifar ɗakinki, mai shuɗin fure, a ɗora a kan katangar da ke kallon titi ta sha rana. Sai ta yi kwanaki tana juya ta tana bugunta da sanda, wai kada 'yar birni ta ji warin ɗaki. Dogo, babban yaron Mai Taimako, shi ya fara lura. Shagon da yake zama yana kallon katangarmu. Da katifa ta hau, sai ya buga mini waya: “Direba, a zuba mai.”

Awakin garke ɗaya ne, Auta. Suna gonar Mai Taimako. Sauran da aka ce an saya, ni dai ban taɓa ganinsu ba. In katifa ta hau katanga, sai in loda su in bi ƙauyuka ina saukewa gida gida, Dogo yana raba igiya yana gaya wa mata abin da za su ce. In kun tafi, in koma in kwashe. Shi ya sa ba kya ganina. Jar akuyar nan kuwa kin yi gaskiya, na sauke ta a gidaje sun fi goma, har ta san ƙarar motata.

Kada ki ɗauka daɗi nake ji. Matan nan su ke ciyar da su da dusarsu duk kwanakin da za su yi. Yara su saba da su, har su raɗa musu suna. Tsohuwar da kika fara ganin akuyar a gidanta, ranar da na je ɗauka ta riƙe igiyar ta ce mini, “Ɗana, ka bar mini ita ko wata ɗaya ne, ta kusa haihuwa.” Dogo ya ce ta zaɓa, akuya ko takardar asibitin jikanta. Ta saki. Ranar ban iya cin abinci ba.

Za ki ce me ya sa ban bari ba. In bari in je ina? Shi ya kai Baba asibiti a ciwonsa na ƙarshe. Shi ya rufe mana ɗaki da iska ta yaye kwano. Gurbin karatun da kika samu, kina tsammanin sakamakonki kaɗai ya ba ki? Ni na durƙusa a zaurensa har gwiwata ta yi sanyi. Bai taɓa yi mini gori ba, ba ya buƙata, kallo ɗaya ya isa.

Na yi ƙoƙarin hana Inna shanyar nan. Na ce a shanya a cikin gida, ta ce rana ba ta sauka a tsakar gidanmu sai azahar, kuma tun yaushe na fara sa baki a harkar katifa. In gaya mata gaskiya kuwa ba zan iya ba. Matar da take alfahari da ke a gaban kowa, in ce mata da hannunta ake cutar marayu?

Maganin abin mai sauƙi ne. Ki daina aiko saƙo, ki kwana a masauki. In katifa ba ta hau ba, za ku tarar da abin da za ku tarar, ba ruwanki, ba ruwana. Amma kada maganar nan ta fita daga bakinki. Ko ga shugabarku. Mutanen nan ba a yi musu haka.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na samu takardarka, na yi yadda ka ce da ita. Ka yafe mini maganganun da na faɗa.

Ka gaya wa Inna ina tafe a makon nan mai shigowa.

Yaya, bayan nan naka yana damuna. Ka huta. Ka nemi izini ka kwanta a gida, ka bar tuƙi har ƙarshen wata, ko wani ya riƙe maka motar. Ina roƙonka, ka ji wannan maganar ko da ba ka taɓa jin tawa ba.

Auta

*

Auta,

Lafiya dai ko? Mu muna nan, amma hankalinmu ba a kwance yake ba.

Da na ga takardarki na yi mamaki, na ce yarinyar nan duk bayanin da na yi mata a banza. Direban motar kasuwa kuma a gaban Inna ya miƙo ta yana cewa 'yar gidanki ta ce tana hanya, don haka ko na so ɓoyewa babu dama. Kafin in gama karantawa katifa ta hau katanga. Maganar bayana kuwa na gode da kulawa, amma ke ma kin san ba a ce wa Mai Taimako baya na ciwo. Na sha magani na fita, na sauke kaya yadda aka saba.

To ga mako ya wuce, ga wani ya bi shi, babu ke babu labarinki. Inna kullum tana bakin ƙofa da yamma, duk motar da ta tsaya sai ta miƙe. Abincin da take ajiye miki yara ke cinyewa da safe. Ran nan hadari ya taso, ta fita da ƙafar nan tata za ta janyo katifar ita kaɗai, ta zame. Ba ta karye ba, amma gwiwar ta kumbura. Ta ce kada a gaya miki. In rashin lafiya kike, ki aiko a sani. In kuma fushi ne bai huce ba, da ni za ki yi, ba da ita ba.

A ƙauyuka mata sun fara ƙorafi, dusarsu ta ƙare, awakin sun fara cin shingen mutane. Biyu sun mutu. Mai Taimako ya kira ni zaurensa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa aka kawo mini shayi, ya tambayi lafiyar Inna, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, har ajin da kowane yake. Sai ya ce, “Ƙanwar nan taka tana rubuto maka kuwa?” Na ce jefi jefi. Ya ce, “Madalla. Zumunci abu ne mai kyau.” Dogo yana tsaye a bayana duk tsawon zaman, ina jin numfashinsa.

Tun ranar wani yaro da babur yake bin motata daga nesa. Masu shago da muke raha da su yanzu gaisuwa kawai. An ce in je in kwaso awakin jibi da safe, an gaji da jira.

Auta, gaya mini gaskiya. Kin faɗa wa wani?

Yayanki

*

Yayana,

Ban san yadda zan gaishe ka ba. Maman yara ta ce ana barin ta ta kai maka abinci, ta yarda za ta sa wannan a ƙasan kwano. Ta ce ka rame, kuma a ƙasa kake kwana da bayan nan. Takardarka ta ƙarshe sai bayan komai ya faru na tarar da ita a ofis.

Eh, na faɗa. Ranar da na gama karanta bayaninka, washegari shugabarmu ta kira ni ta ajiye takardar dakatarwa a gabana, ta ce in ba ta dalili ɗaya da zai hana ta sa hannu. Na tsorata, Yaya. Na gaya mata maganar katifa. Ban ambaci sunanka ba, ban ce kai ke tuƙi ba. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in rubuta gida in ce ina tafe. Ta ce za mu bari su raba awakin, su gaji da jira, su kwashe, sannan mu dira gonar mu same su a garke ɗaya da alamar gwamnati a kunnuwansu. Gonar ta ce, wallahi gonar ta ce. Na ɗauka in an kama, mai gona za a kama. A gabanta na rubuta takardar, shi ya sa ban iya faɗa maka a fili ba. Na ce ka huta, na ce wani ya riƙe motar. Na ɗauka za ka gane.

Ba mu kai gonar ba. A ƙaramar gadar nan da mota biyu ba sa wucewa tare muka yi kiciɓis da kai. Tun daga nesa na gane motar. Da 'yan sandan da muka taho da su suka sauko da kai, ka dube ni sau ɗaya, ka kawar da kai. Ni kuwa ina riƙe da abin ɗaukar hoto, shugabarmu tana cewa in ɗauki kunnuwan awakin ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka. Dogo da ke gefenka ya sauka ta ɗaya ƙofar, ya gaisa da babban ɗan sandan da hannu biyu, ya hau babur ɗin yaron nan suka tafi. Babu wanda ya ce masa tsaya.

Na je gida daga baya. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, “Kin zo?” ta juya fuska bango. An gaya mata kai aka kama da awakin sata, ni kuma ina cikin masu kamun. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Amma ka ji, akwai mafita. Za a yi zaman kwamiti a bainar jama'a. In ka faɗi gaskiya, wa ya aike ka, ina awakin suke kwana, matan nan za su goyi bayanka, na san za su yi. Shugabarmu ta ce direba ba shi take nema ba. Ka yi magana, Yaya. Ni zan tsaya a bayanka ko me zai faru.

Ka yafe mini.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Maman yara ta ce ka karanta, ka ninke, ba ka ce komai ba. Na cancanci haka, amma shirun nan yana kashe ni.

Abubuwa suna canzawa a nan, ba na gane kansu. An yi wa shugabarmu canjin wurin aiki, wai ƙarin girma ne saboda ƙoƙarinta. Ko sallama ba mu yi ba, na zo na tarar an cire sunanta a ƙofa. Wanda aka kawo mutum ne mai fara'a. Ya kira ni, ya yaba hotunan, ya ce ni ce babbar shaida. Da zan fita ya ce, “A gaishe da Inna, ya gwiwar tata?” Ni ban taɓa gaya wa kowa a ofis maganar gwiwarta ba.

Na koma wajen tsohuwar nan in roƙe ta ta zo zaman. Na tarar da jar akuyar a turkenta, da 'ya'ya biyu. Ta ce Mai Taimako da kansa ya kawo mata, Allah ya saka masa, ita ba ta san wani direba ba. Ta raka ni har bakin ƙofa ta rufe.

Don Allah ka rubuto, ko zagi ne.

Auta

*

Auta,

Ina nan da rai. Bayan yana ciwo, amma wani da muke ɗaki ɗaya yana taka mini shi da safe, ana samun sauƙi. Ki riƙa leƙa maman yara, ba ta faɗa amma ta gaji.

Ban rubuto ba don na ji haushinki ƙwarai. Kwanakin farko ko sunanki ba na so a ambata. Abu ɗaya na roƙe ki. Amma zaman nan yana koya wa mutum lissafi, na duba na ga ni na ɗora miki kayan da suka fi ƙarfin wuyanki. Ke kika faɗa, ni kuwa na tuƙa. Maganar in huta kuma, yanzu na gane. A lokacin na ɗauka irin fitinarki ce ta kullum. Na yafe miki, ki daina kukan.

Kin ce in yi magana. Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Kwamitin da zai zauna, na sa ido a kan tallafi, wanda sabon tsarin naku ya ce dole a kafa daga cikin dattawan yanki, Mai Taimako aka naɗa shugabansa. Mai gadinmu yana da rediyo, na ji jawabinsa da kunnena. Ya gode wa gwamnati da ta kawo gyara. Ya ce ya riƙi direba kamar ɗan cikinsa, ashe da motarsa ake bi ana ƙwace awakin talakawa. Har muryarsa ta yi rawa. Ni kaina da ban san komai ba da na tausaya masa. An mayar wa mata awakin a gaban masu ɗaukar hoto, kuma wannan karon an bar musu. To ko ba komai wasu sun samu, ki riƙe wannan.

Dogo ya zo. Aka ba mu ɗaki mu biyu, har da kujera. Ya ce hanya biyu ce. In na ɗauki laifin ni kaɗai, zaman ba zai yi tsawo ba, yara za su ci gaba da makaranta, ba za a taɓa gidanmu ba, ke kuma ki ci gaba da aikinki. In na buɗe baki, za a ce ni da ƙanwata muka haɗa kai, ita tana ba ni rana ni ina kwashewa, da muka yi saɓani ta tona ni. Direban motar kasuwa ya riga ya yarda zai shaida cewa shi ke kai mana takardu. Sannan za a kira Inna gaban jama'a, a tambaye ta wa ya ce ta riƙa ba da alama da katanga.

Ki yi tunanin Inna a tsaye a gaban mutanen nan da sandarta. Ni na yi, shi ya sa tun kafin Dogo ya tashi na ce masa na ɗauki laifin.

Ki saurare ni da kyau, wannan karon ba na son gardama. In mu biyu muka shiga, babu mai saya wa Inna magani, babu mai riƙe yara. Alkawarin Dogo ban yarda da shi ba ko na sisin kwabo, albashinki na yarda da shi. Don haka dole ki tsira da aikinki.

Ranar zaman za a kira ki. Ba na ce ki yi ƙarya ba. Ki faɗi abin da idonki ya gani: gada, mota, awaki da alama a kunne, da mutum a kujerar direba. Duk gaskiya ne. Abin da ba a tambaye ki ba, kada ki ƙara. Kowa a ɗakin ya san ke wace ce a wurina, amma muddin ba a faɗa da baki ba, ba za a rubuta ba, haka muka yi da Dogo.

Za a shigo da ni ta ƙofar gefe, wataƙila da ankwa. Na rame, an kuma aske mini kai, kada ki firgita. Kada ki miƙe, kada ki gaishe ni. Na san bakinki, kafin ki yi tunani ya riga ya ce Yaya. Ki cije shi. In aka ce ki nuna wanda kika gani a motar, ki ɗaga hannu ki nuna ni, ki ce wannan ne. Ki tabbata hannun bai yi rawa ba, Dogo zai zauna a layin gaba.

Kada ki amsa wannan takarda.

Direban motar